Tabon da Ke Diddigen 'Yata

Ni tela ne a Haɗejiya. A nan na koyi ɗinki, a nan na yi aure, kuma a nan aka haifa mini dukan 'ya'yana. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin ba abu ne mai sauƙi ba uba ya fito ya ce da hannunsa ya jawo wa 'yarsa rauni, amma duk safiyar da na buɗe shago na ga magidanta suna wucewa da yara uku ko huɗu a kan babur, ƙafafunsu suna lilo dab da taya, sai in ji cewa shirun da nake yi wani nauyi ne da za a tambaye ni a kansa. Abin ya faru ne washegarin Ƙaramar Salla ta shekarar 2018, sai dai tushensa ya girmi wannan rana da shekaru goma, tun lokacin da na fara mallakar babur.

A shekarar 2008 na sayi babur ɗina na farko, Jincheng na hannu, shekara guda bayan aurena. Wanda bai zauna a gari irin namu ba zai yi wuya ya gane matsayin babur a gidan talaka. Shi ne ke kai mace asibiti idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, shi ne ke kai yara makarantar boko da safe da Islamiyya da yamma, shi ne ke ɗauko buhun shinkafa daga fadama, kuma shi ne ke kai mutum jana'iza a ƙauye ya dawo da shi kafin azahar. Saboda haka ba na cikin masu cewa a daina ɗaukar yara a babur gaba ɗaya, domin mai faɗin haka yawanci yana da mota a ƙofar gida. Har yau babur nake hawa, kuma har yau ina ɗaukar 'ya'yana a kai. Abin da ya canja shi ne yadda nake ɗaukarsu, da kuma wanda nake yarda ya hau.

Ina tuna lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, ranar 1 ga Janairun 2009. A wancan lokaci an ga 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya ko robar fenti a ka don su kauce wa kamu, sannan ga jita-jitar da ta cika gari cewa ana sa asiri a cikin hulunan da ake miƙa wa fasinja. Ni ma na sayi hula mai arha, kuma tsoron kamu ne ya sa na saya, ba tsoron faɗuwa ba. Da kamun ya yi sanyi, hular ta koma ƙarƙashin teburin da nake yanka yadi, ta zauna a can shekara da shekaru. Ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai ba cewa kan yaro ma yana bukatar hula, alhali ƙashin kansa bai kai nawa ƙwari ba.

Da yara suka fara tasowa, kowane ɗaya daga cikinsu a kan tankin mai ya fara hawa. Mu a wurinmu wannan alamar ƙauna ce: yaro ya ji ƙarar babur ɗin ubansa daga bakin lungu, ya sheƙo da gudu, a ɗaga shi a ɗora a gaba, ya dafa kan babur yana dariya har ƙofar gida. A shekarar 2014 Allah ya nuna mini ishara, ban ɗauka ba. Babban ɗana, yana da shekara 5 a lokacin, ya sauko ta gefen dama bayan mun dawo daga kasuwa, sai sha-raɓarsa ta manne da salansa. Wurin ya tashi ya ɗuri ruwa kamar faɗin tafin hannunsa. Muka shafa masa man goge baki, wata maƙwabciya ta kawo ɗanyen ƙwai aka ƙara, ciwon ya yi ruwa ya ɗauki fiye da wata guda kafin ya kame. Sai daga baya na sani cewa abin da ya kamata mu yi shi ne mu riƙa kwarara masa ruwa mai tsabta mai sanyi na tsawon minti 20, mu rufe da ƙyalle mai tsabta, mu kai shi asibiti. A lokacin na ɗauki abin a matsayin ƙiriniyar yaro, na yi masa faɗa cewa ya riƙa lura, alhali ni ne ban taɓa koya masa ta gefen da ake sauka ba.

A shekarar 2016 na sayar da Jincheng ɗin, na cika kuɗi na sayi Boxer sabo. Babur ɗin ya zo da wani ƙarfe mai kama da raga a gefen hagu na tayar baya, wanda ya rufe wayoyin taya daga sama. Bayan 'yan watanni ƙarfen ya fara kwaramniya saboda ramukan hanya, kuma duk lokacin da za a ɗaure sarƙa ko a yi facin taya sai an sha wahalarsa. Wata rana a wurin bakanike na ce a kwance shi kawai. Babu wanda ya tilasta mini, ni na ce a cire, domin na ga mutane da yawa sun cire nasu, kuma ban san amfaninsa ba. Na kawo shi gida na jefa a bayan ɗaki tare da tsofaffin tayoyi.

'Yata da ke bin babban ɗana, sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. A Sallar 2018 tana da shekara 6. Duk tela ya san yadda goman ƙarshe na azumi take: ba barci, ba hutu, mutum yana kan keke har asuba, masu kaya suna tsaye a kansa. Ranar Salla da kanta sai da na ƙarasa wasu ɗinkuna bayan an sauko daga Idi. Washegari muka shirya zuwa gaida mahaifiyata a ƙauyenmu da ke kan hanyar Kafin Hausa. Da za mu tafi mu shida ne a kan babur ɗin: ƙanin Ummi mai shekara 3 a kan tanki, ni, Ummi, maiɗakina da jaririya a goye, sai babban yaron a can baya kan ƙarfen ɗaure kaya. Yanzu idan na faɗi wannan lissafi sai jikina ya yi sanyi, amma a ranar babu wanda ya dube mu sau biyu a hanya, domin kowa haka ya ɗauko nasa iyalin.

Da la'asar ta yi sanyi, mahaifiyata ta ce a bar mata maiɗakina da jaririyar su kwana, ni in koma da manyan saboda hadari yana haɗowa ta gabas. Na ɗora ƙaramin a tanki, Ummi a bayana, yayanta a bayanta. Matakin ƙafa na fasinja guda biyu ne kawai, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma yayanta ne ya taka su saboda shi ne mai dogayen ƙafafu. Ƙafafun Ummi suna reto a iska. Tana sanye da takalmin Salla mai buɗaɗɗen baya, wanda na saya mata da ɗan girma don ya kai ta wata shekarar. Ta wuni tana wasa da 'yan'uwanta, ta ci ta ƙoshi, ga iskar hadari mai sanyi tana kaɗawa. Ba mu yi nisa ba na ji kanta ya kwanta a bayana, hannuwanta da ke riƙe da rigata sun saki. Na san ta yi barci. Na ce wa yayanta ya riƙe ta da kyau, na ƙara wuta don mu riga ruwa isa gida. Na ɗora wa yaro ɗan shekara 9 amanar da ni ya kamata in ɗauka, sannan na ƙara gudu a daidai lokacin da ya kamata in tsaya.

Kusa da wani kwalbati akwai rami, na kauce masa ban gama kaucewa ba, tayar baya ta faɗa gefensa. Sai na ji babur ɗin ya yi wata irin turjiya kamar an riƙe shi ta baya, tare da ƙara kamar ta karyewar kara, sannan ihun Ummi. Ba mu faɗi ba. Wannan shi ne abin da nake so masu karatu su riƙe: ba mu yi karo da kowa ba, babur bai kife ba, babu wanda ya taɓa ƙasa. Na taka birki na sauka, na tarar da ƙafarta ta hagu ta shige tsakanin wayoyin taya da ƙarfen da ke riƙe da tayar, a daidai wurin da ragar nan take a da. Takalmin ya tsinke ya faɗi can baya. Sai da wani bawan Allah mai keke ya tsaya ya taya ni muka juya tayar baya a hankali kafin ƙafar ta fito. Fatar diddigenta ta ɓalle tana reto kamar murfi, ana ganin farin abu a ciki, ƙasa da baƙin mai sun cika wurin. Na cire hulata na danne ciwon, na yage gefen rigata na ɗaure. Ƙaninta yana ta kuka a kan tanki, yayanta kuwa ya tsaya kamar an dasa shi, yana maimaita cewa, "Baba, wallahi na riƙe ta." Har yau wannan magana tana damuna fiye da ihun, domin yaron ya daɗe yana ganin laifinsa ne, kuma sai da na zaunar da shi ba sau ɗaya ba ina gaya masa cewa laifin nawa ne.

Wata motar haya ta tsaya ta ɗauke mu zuwa gari, na bar babur ɗin a hannun mai keken nan wanda ban taɓa gani ba, kuma washegari ya kawo mini shi har shago. Allah ya saka masa da alheri. A asibiti aka wanke ciwon, aka yi mata allurar tetanus, aka ɗauki hoton ƙafar, aka ce ƙashi bai karye ba. Aka mayar da fatar aka ɗinke. Na yi hamdala, na ɗauka abin ya zo da sauƙi. Likitan da ya duba ta ya ja ni gefe ya ce kada in yi saurin murna, domin irin wannan rauni yana da yaudara: wayoyin taya suna murƙushe naman ne tare da yankan, jijiyoyin jinin da ke ciyar da fatar diddige sukan mutu, kuma ba a sanin iyakar ɓarnar sai bayan kwana biyu ko uku. Haka kuwa aka yi. A rana ta uku da aka buɗe bandeji, gefen fatar ya yi baƙi, zuwa rana ta biyar rabinta ya mutu. Aka rubuta mana takarda zuwa Kano.

'Yan'uwa sun ba da shawarar a kai ta wurin mai ɗori, wasu suka kawo garin magani a ƙulle a leda. Na san don ƙauna suka yi, amma na ƙi, domin babu karaya, kuma na riga na ga abin da shafe-shafe ya yi wa ƙafar yayanta. A Kano aka shiga da ita tiyata sau biyu. A karo na farko aka yanke mataccen nama, aka gyara agararta da ta tsage, wato babbar jijiyar nan da ke haɗa sha-raɓa da diddige, wadda idan ta tsinke mutum ba ya iya ɗaga dunduniyarsa ya yi tafiya daidai. A karo na biyu aka yanko fata daga cinyarta aka dasa a diddigen. Muka yi kusan mako shida a kwance. Na sayar da keken aikin wuya da na fi ji da shi a shagon, na sayar da ragon da muke kiwo don Babbar Salla, sauran kuma 'yan'uwa da abokan sana'a suka haɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga zaman asibitin shi ne lokacin wankin ciwo. Kowace safiya idan ta ji ƙarar keken kayan aikin nas yana tahowa, sai ta fara kuka tun kafin a iso gadonta, ta kama wuyan rigata ta ce, "Baba, ka ce musu gobe." Ni ne nake danne ƙafar da hannuwana biyu ana ɓare bandejin da ya manne da nama. Maiɗakina ba ta taɓa furta kalmar zargi a kaina ba, ko sau ɗaya. Takan fita waje idan za a fara, ta dawo idanunta jajur, ta ce, "Baban Ummi, ka je ka ci abinci." Da ta yi mini faɗa, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

A ɗakin da muke ba mu kaɗai ne babur ya kawo ba. Akwai wani yaro da ke zaune a kan tanki lokacin da mahaifinsa ya taka birki da ƙarfi don kauce wa akuya, fuskarsa ta daki kan babur, nauyin uban kuma ya danne shi ta baya. Akwai wata yarinya da salansa ya ƙone ta har ya ci nama, saboda ta yi barci ƙafarta na manne da shi. Wata dattijuwar nas da ta daɗe a wannan ɗaki ta ce da ni, "Malam, yawancin yaran da ake kawo mana daga babur ba mota ce ta buge su ba, babur ɗin gidansu ne ya ji musu ciwo, kuma bayan kowace Salla sai mun ƙara gado." Ita ce ta fara bayyana mini cewa kan ƙaramin yaro ya fi nauyi idan aka gwada da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, shi ya sa idan ya faɗo kansa ne yake fara isa ƙasa, kuma shi ya sa hular babba ba ta yi masa amfani, domin za ta yi masa nauyi ta kuma fita tun kafin ya taɓa kwalta. Daga baya na ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Da a da ne na ji wannan, da na ɗauka maganar manyan motoci ce a manyan hanyoyi.

Da muka dawo gida mutane suka yi ta zuwa jaje, kusan kowa da kalma ɗaya a bakinsa: ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau, kuma wannan magana ta sanyaya mini zuciya a lokacin da nake bukata. Amma mahaifiyata, wadda yarinyar ke ɗauke da sunanta, ta kira ni ɗaki ta ce, "Ƙaddara gaskiya ce, amma ina ƙarfen da ka cire?" Ashe babban yaron ya gaya mata. Ban iya ɗaga kai ba. Ta tuna mini hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Na san hadisin tun ina makarantar allo, amma ban taɓa kawo shi kusa da babur ba. A ganina muna yawan amfani da kalmar tsautsayi don mu rufe bakin tambayar da ya kamata a yi, kuma yaran da ba su da ikon cewa ba za su hau ba su ne suke biyan kuɗin wannan shiru.

Ƙanina da ya yi karatu a Indiya shi ne ya gaya mini asalin ƙarfen nan. Ya ce a can doka ce a sa shi a jikin babur, saboda matansu suna ɗaura dogon zane mai suna sari wanda taya take iya naɗewa, kuma tunda a can ake ƙera irin babur ɗina, shi ya sa ya zo da shi. Ya kuma ce a ƙasar Filifin an yi doka a shekarar 2015 wadda ta hana ɗaukar yaro a babur a manyan hanyoyi sai idan ƙafafunsa suna kaiwa matakin ƙafa, hannuwansa suna iya zagaye ƙugun mai tuƙi, kuma yana sanye da hular kwano. Wannan ma'auni ya shige ni ƙwarai, wataƙila don ni mutumin awo ne. Ba a tambayi shekarun yaro ba, tsawon ƙafarsa da na hannunsa aka duba, abin da kowane uba zai iya gwadawa a ƙofar gidansa ba tare da takardar haihuwa ba.

Kafin in sake ɗora kowa a babur ɗin, na tono ragar daga bayan ɗaki na kai wa mai walda ya mayar da ita, na kuma sa ya ƙera mini irinta a gefen dama, tare da wani faranti da ya rufe salansa. Kuɗin aikin duka bai kai na maganin kwana ɗaya a Kano ba. Hular yara kuwa na neme ta a garinmu ban samu ba, sai da na yi saƙo Kano aka kawo mini guda biyu, kuma na koyi cewa idan ba a ɗaure igiyar haɓa ba, daidai take da babu. Da farko yaran unguwa sun yi ta yi wa nawa dariya, har ƙanin Ummi ya ƙi sakawa, sai da na ciro tawa daga ƙarƙashin tebur, na ga ta tsage, na sayi sabuwa na fara sakawa kullum, sannan ya yarda. Akwai zafi a cikinta, musamman a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ƙarya ba ne, amma na ga kan yaro a naɗe da bandeji a asibiti, na san wanne ya fi zafi.

Na kuma ɗinka wani ɗamara da hannuna. Na samo bel ɗin kujerar tsohuwar mota a wurin 'yan gwangwan, na haɗa shi da yadi mai kauri ya zama kamar 'yar shara, yaro ya saka, sannan a zagayo da bel ɗin a ƙuguna. Dabarar ba sabuwa ba ce, majanyi ne na iyayenmu mata aka sauya wa siffa. A shekarar 2022 ƙanina ya turo mini labarin cewa Indiya ta wajabta irin wannan ɗamara da hula ga yara 'yan wata 9 zuwa shekara 4, ta kuma ce babur ɗin da ke ɗauke da su kada ya wuce gudun kilomita 40 a awa. Amma ina gaya wa duk wanda ya zo in ɗinka masa cewa ɗamarar tana hana yaro zamewa ne kawai, ba ta hana ƙafarsa shiga taya, kuma ba izini ba ce ta ci gaba da tafiya da yaro mai barci. Idan na ji kai ya kwanta a bayana yanzu, tsayawa nake yi, in sauke shi, in wanke masa fuska, ko da ruwan sama zai same mu. Tanki kuwa na haramta shi ga kowa, domin yaron da ke gaba shi ne zai fara dukan ƙarfe, yana hana kan babur juyawa sosai, kuma hannunsa yana iya murɗa totur ba da saninsa ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafi sana'ata kai tsaye. Mu teloli mu ne muke ɗinka dogayen hijabai masu jan ƙasa da dogayen riguna na 'yan makarantar Islamiyya, kuma iyaye sukan ce a ƙara tsawo don yarinya ta girma a ciki. Hijabi idan iska ta hura shi ya shiga sarƙa ko taya, wuya yake shaƙewa ya fizgo mai shi ta baya, kuma duk wanda ya daɗe a garuruwanmu ya ji labarin matar da hakan ta faru da ita. Yanzu idan aka kawo mini ɗinkin yarinya nakan tambaya ko a babur ake kai ta makaranta. Idan aka ce e, sai in roƙi a bar tsawon ya tsaya a idon sawu, in naɗe sauran a cikin kalmasa yadda za a iya saki idan ta ƙara tsawo, in kuma nuna wa uwar yadda za ta tattare hijabin ta cusa a ƙarƙashin cinyar yarinyar kafin a tashi. Wani magidanci ya taɓa jin haushi, ya ce shi ɗinki ya kawo ba wa'azi ba. Ban yi musu da shi ba, na kira Ummi daga cikin gida na ce ta cire safa. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce in yi yadda na ga ya dace.

Abin da ya fi wuya a cikin duka shi ne sawu biyu. Na yanke wa kaina cewa yaro ɗaya zan riƙa ɗauka a lokaci guda, saboda matakin ƙafa na mutum ɗaya ne, kuma nauyin da ya yi yawa a baya yana sa tayar gaba ta yi sakayau, birki kuma ya ƙi kamawa da wuri. Wannan yana nufin in je makaranta in dawo in sake komawa. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai sawu na biyu ya zama abin da ake lissafawa da kwanon masara. Na san magidanta da yawa da wannan tsada ta sa suka koma lodin yara huɗu, kuma ba na ganin su a matsayin marasa tausayi, domin na san abin da ke aljihunsu. Mu dai abin da muka yi shi ne, manyan suka koma tafiya a ƙafa tare da yaran maƙwabta, muka mayar da ƙananan makarantar da ke kusa da gida duk da cewa ba ita na fi so ba, ranar Salla kuma muna haɗa kuɗi da ƙanina mu ɗauki shatar Keke Napep zuwa ƙauye. Idan larura ta kama, kamar zazzaɓin dare, uwar takan zauna a baya ta rungume yaron a tsakaninmu, ƙafafunsa a kan cinyarta, ni kuma in tafi a hankali kamar mai rakiyar amarya.

Ummi tana makarantar sakandare yanzu. Tana tafiya da ƙafarta, alhamdu lillahi, bayan watanni na zuwa gashi, sai dai idan ta gaji ana gane ɗan ɗingishi. Fatar da aka dasa ba ta da kaurin fatar diddige ta asali, saboda haka duk hunturu sai ta tsage ta yi jini, kuma kowane dare uwarta tana shafa mata man kaɗanya ta sa mata safa. Ba ta iya sa takalmi mai taurin baya, ni nake bin kasuwa ina latsa bayan takalma da yatsa kafin in saya. Ba ta cire safa a gaban ƙawayenta.

Autanmu, wanda aka haifa bayan wannan abu, bai taɓa hawa tanki ba. Idan ya ji ƙarar babur yakan sheƙo bakin lungu kamar yadda yayyensa suke yi a da, sai in kashe injin in sauka, in kama hannunsa, mu turo babur ɗin tare zuwa ƙofar gida. Kullum tambayarsa ita ce yaushe zai fara hawa baya shi kaɗai. A Sallar da ta wuce, bayan na gama gwada masa sabuwar riga, na ɗora shi a kan sit ɗin babur yana kafe a tsakar gida, na ce ya miƙe ƙafa. Ummi ce ta durƙusa ta riƙe masa tef ɗin awo daga tafin ƙafarsa zuwa matakin, ta duba da kyau, ta ce saura inci biyu.